Katin Asibitin Yaya

Shekara goma sha ɗaya ina karanta littattafan lauyoyi, irin waɗanda ake kama mutum a shafi na uku a sake shi a shafin ƙarshe. A shagon ɗinki nake aiki, kuma ƙarƙashin kekena ba ya rabo da guda ɗaya ko biyu. Abokan aikina har suna suka laƙa min, Lauyar Gida. Ni ma ban ƙi ba, don a ganina na san kotu ciki da bai, alhali ban taɓa taka ƙofarta ba.

Na fara takawa ne da aka kama Yayana. Direban motar kaya ne. An fasa wani sito da rana tsaka, aka ji wa maigadi mummunan rauni, wani ya rantse cewa Yaya ne ya ja motar da aka kwashe kayan. Shi kuwa ranar yana wani gari, kwanon rufi ya yanke masa hannu wajen sauke lodi, aka yi masa ɗinki a wani ƙaramin asibiti. Sun ba shi kati mai kwanan wata da hatimi, amma muka birkice gida kaf ba mu gan shi ba. Lauyanmu ya je har garin, ya tarar asibitin ya tashi, wurin ya zama shagon tayoyi.

Tun ranar farko kotun ta ba ni haushi. Ɗaki ne mai benci shida da fanka guda mai ƙugi. Babu wanda ya buga tebur, babu wanda ya nuna wani da yatsa. Lauyanmu gajere ne mai yawan tari, kot ɗinsa ya koɗe a kafaɗa, magana kuma kamar ba ya so. In ya yi jimla biyu sai alƙali ya ɗaga biro ya ce, “A hankali, rubutawa nake yi.” A jira shi ya gama, a ƙara jimla biyu, sannan a ɗage zama zuwa wata mai zuwa. Sau bakwai ana yi mana haka. A littattafaina, cikin wannan lokaci an gano mai laifi, ya fashe da kuka a gaban jama'a, lauya ma ya auri sakatariyarsa.

Ranar zama na biyar na hango lauyanmu a ƙarƙashin bene da mai gabatar da ƙara, suna dariya, har yana ara masa cajar waya. Na san wannan babin, na karanta shi ya fi a ƙirga. Na koma gida na ce wa Umma an sayar da mu.

“Ke dai da karance-karancenki,” in ji ta. “Mutum ba zai gaisa da abokin aikinsa ba?”

“Umma, ba ki san mutanen nan ba.”

“Ke kin san su?”

A raina na ce na san su mana.

Bayan sati biyu Umma ta miƙo min jaket ɗin aikin Yaya in gyara aljihun da ya ɓule, wai ya tarar da ita lafiya in ya fito. Ina zura hannu na ji wani abu mai tauri ya zame can cikin shafin jaket ɗin. Na farke ɗinkin da reza. Katin ne, shuɗi, ya ɗan lanƙwashe, ga kwanan wata raɗau, ga hatimi, ga sa hannun wanda ya yi ɗinkin.

Da ina da hankali, da ko takalmi ban tsaya sawa ba sai ofishin lauya. Amma na tuna dariyar ƙarƙashin bene. Na ce in na ba shi, gobe katin ya yi ƙafa. Kuma duk littafin da na sani, a ranar ƙarshe ake fito da irin wannan abu, a gaban kowa, inda ba wanda ya isa ya danne shi. Na sa katin a tsakiyar littafin da nake karantawa na tura ƙarƙashin keke. Ko Umma ban faɗa wa ba.

Lauya ya kira ni ana saura kwana uku ya rufe gabatar da hujjojin kariya.

“Ƙanwata, ba ku dai ga komai ba? Ko 'yar takardar magani ce, ku kawo. Ranar Alhamis zan rufe.”

“Ba mu ga komai ba, Barista.”

Ya yi tari ya ce, “To, Allah ya dafa mana.”

Na ajiye waya ina jin kaina kamar wata gwana. Kwana da kwanaki ina tsayawa gaban madubin gwajin kaya ina maimaita jawabina, har inda zan dakata in dubi mai gabatar da ƙara na tsara.

Ranar hukunci aka shigo da Yaya ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Alƙali ya buɗe fayil ya soma karatu da muryarsa ta kullum. Ya kai shafi na uku na miƙe, katin a sama.

“Ya Mai Shari'a, kafin a zalunci bawan Allah, gaskiya na da abin faɗi!”

Ba wanda ya ja numfashi, ba wanda ya dafe ƙirji. Alƙali ya dube ni ta saman tabarau ya tambayi magatakarda, “Wace ce wannan?”

“Ƙanwar wanda ake tuhuma ce.”

“Ta zauna, ko a fitar da ita.”

Na koma na zauna. Lauya ya juyo ya karɓi katin, ya duba gaba da baya. Ya miƙe ya roƙi a ba shi dama ya sake buɗe kariya. Alƙali ya ce an rufe sati uku da suka wuce, hukunci kuma a rubuce yake, mai ƙorafi ya ɗaukaka ƙara. Ya ci gaba daga layin da ya tsaya. Shekara tara ya ba Yaya. Aka kira shari'a ta gaba tun Umma ba ta gane an gama ba.

A baranda lauya ya ja ni gefe, kusa da tulin tsofaffin fayiloli da aka ɗaure da igiya.

“Yaushe kika same shi?”

“Wata biyu ke nan.”

Ya runtse ido. Bai yi min tsawa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi.

“Kotun sama tana karɓar hujjar da ba a samu ba sai bayan shari'a,” in ji shi. “Wadda ke hannunku aka ƙi kawowa, da wuya su dube ta. Za su tambaye ki ranar, kuma rantsuwa za ki yi. Zan gwada, amma kada ki sa rai. Me ya hana ki kawo min?”

Na rasa bakin da zan ce masa cajar waya ce.

Ranar na kwashe littattafan duka, talatin da wani abu, na cusa a buhu na jefa bayan ƙofar shago. Na tsane su, na tsani masu rubuta su da ba su taɓa zama kan bencin nan sun ji ƙugin fanka ba. Amma ba su ne suka ɗauki waya suka ce ba a ga komai ba.

Sai bayan wata guda aka bar ni na ga Yaya. Ragar ƙarfe ce tsakaninmu, minti goma aka ba mu. Har yanzu shi da Umma sun ɗauka a safiyar hukunci na tsinci katin, lauya bai tona ni ba. Yaya ya yi murmushi ya ce duk ɗakinsu sun ji labarin ƙanwarsa da ta tsaya wa alƙali.

“Lauyar Gida ke nan! Kin yi ƙoƙari, wallahi. Da kin same shi da wuri, ai da yanzu ina gida.”

Na buɗe baki in faɗa masa, gandiroba ya buga ƙarfe ya ce saura minti ɗaya. Yaya ya matso da fuskarsa jikin ragar.

“Zaman nan da tsawo, ƙanwata. In za ki dawo, ki taho min da littattafan nan naki. Ki zaɓo waɗanda ake sakin mutumin a ƙarshe.”