Kwalbar da Ba Ta Raguwa

Ɓeran farko da Winifred ta buɗe a ɗakin gwaje-gwaje na Samaru ya sa gabanta ya faɗi. 'Yan ƙwallayen da ta dasa masa a ciki, waɗanda ya kamata su fito garau kamar ƙwan kifi, duk wani farin nama ya naɗe su. Ta buɗe na biyu, haka. Na uku ma bai yi mata kara ba.

Aikin nata ba wuyar faɗa. Tana ɗaukar ƙwayoyin halitta masu yin insulin, ta lulluɓe su da aljinet, wani gari da ake samu daga ciyawar teku, ta dasa wa ɓeraye masu ciwon suga. In garin tsarkakakke ne, garkuwar jiki sai ta wuce ba ta ko waiwayo. In kuwa da ɗigon datti a ciki, sojojin jiki su yi masa caa, su shaƙe ƙwayoyin har su mutu. Ita kuwa garkuwar jiki ba ta san lallashi ba, ba ta karɓar uzuri.

Dakta Sati, mai duba aikinta, ya daɗe yana kallon farantin da ta zuba ƙwallayen.

"Kin tabbata garin da kika tace ne?"

"Shi ne, Sa. Da hannuna na wanke shi, na tace, aka gwada."

"To. Ɓerayen da suka rage su ne na ƙarshe. Ki kawo sauran garin gobe mu sake. In wannan ma ya ƙi, sai dai ki nemi wani aikin."

Tsoro ya kama ta sosai. Watanni ta yi tana tace garin nan, kuma abin da ya rage kwalba ɗaya ce tak. Tun da firjin ɗakin gwaje-gwajen ya zama sai yadda wutar lantarki ta ga dama, ta kai kwalbar gidansu a Palladan inda suke da sola, ta ajiye ta bayan robar miyar egusi.

A cikin keke ta yi ta zargin kowa da komai: ruwan, allurar, har ɓerayen da ba su ji ba ba su gani ba.

Tana shiga gida ta nufi firji. Ta ɗaga kwalbar a hasken taga. Tana da nauyi. Ta cika har wuya, alhali sau biyu tana ɗiba. Da can ta lura, amma wa ke tuhumar albarka? Yanzu kam ta fara tuhuma.

Mijinta Iyke ya shigo yana fito. Sinadaran rini yake sayarwa a kasuwar Sabon Gari, mutum ne da ba ya iya ganin mazubi da saura bai cika shi ba, ko na sukari ko na gishiri.

"Wini, kin gani ke nan?" Ya washe baki. "Na so in bari sai kin gama in faɗa maki."

"Me ka yi, Iyke?"

"Na ga kina ta damuwa zai ƙare. Na karanta sunan a jiki, na ce haba, ai muna da shi buhu guda. Masu rini shi suke sawa ya yi kauri. Na tankaɗe shi da sabuwar rariya, na gauraya sosai yadda ba za ki gane ba."

Ta zauna a hannun kujera. Fushi ya taso mata, ya tarar da fuskarsa cike da murna, ya rasa inda zai sauka.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ki ɗiba na farko. Duk sanda kika ɗiba kuma sai in sake cikawa." Ya laluba jakarsa, ya fito da ƙullin leda, ya miƙa mata da hannu biyu. "Ga ƙari ma na kawo, saboda na gobe."