Ranar da Aka Rufe wa Don Gildardo Madubi

A kan teburin cin abinci aka ƙulla cinikin, ranar Lahadi, romon kaza da dankali yana ta hucewa ba wanda ya sa masa cokali. Gildardo, wanda ake kira Don Gildardo saboda girmamawa, ya sake ɗauko maganar da yake ɗaukowa tun da aka binne Ferney, abokin ɗansa: tseren babur da samari ke yi a babban titin filin jirgi duk daren Alhamis layin makabarta ne, kuma ɗan nasa, Duván, shi ne na gaba a layin.

"Tsoho, ka daina maganar abin da ba ka sani ba," in ji Duván. "Shekara talatin kana jan bas kamar mai tura amalanke. Ka taɓa wuce tamanin?"

"Akwai filin tsere a Tocancipá da aka gina don masu irin ciwonka. Babu tirela, babu rami, ga motar asibiti a tsaye."

"To kai ka je mana."

"In na je fa?"

Duván ya yi dariya har ya buga tebur. Yaro ne ɗan shekara ashirin da biyu, bakinsa ya fi ƙafarsa sauri. "In ka je da wannan akwalar babur ɗin naka na zuwa cefane, ka yi wuni guda cur, ba ka faɗi ba, ba ka gudu ba, ba a kore ka ba, ni da titi har abada. In kuwa ɗaya ya faru, ba ka ƙara buɗe baki a kan babur ɗina. Ko kallonsa."

Wasa yake yi. Gildardo ya san wasa yake yi, shi ya sa bai ba shi damar janyewa ba. Ya juya wajen matarsa. "Herminda, kin ji?"

"Na ji mahaukata biyu."

"Kin dai ji." Ya miƙa wa yaron hannu a kan kwanon miya. Duván ya kama. Duk abin da za a ce game da yaron nan, ba ya karya maganar da ya yi a gaban uwarsa, kuma a kan wannan kaɗai Gildardo ya zuba jarinsa.

Washegari ya tura babur ɗin garejin Arcesio, tsohon bakaniken da ya yi ƙuruciyarsa a filin tsere har ya bar yatsu biyu a can. Arcesio ya zagaya babur ɗin yana tsaki. Tayoyin sun tsufa, sun yi tauri kamar ganda. Man birki ya koma kalar kofi. Sarƙa ta saki. Ya canza wannan, ya ɗaure wancan, ya cire kwandon cefanen da ke baya ya jefar gefe. Daga nan ya shiga ciki ya fito da rigar fatarsa ta da, wadda aka ɗinka wa mutumin da ba shi da tumbi.

"Ja numfashi, mutumina. Ƙara ja. Kai, me kake ci ne haka?"

Da kyar zif ɗin ya hau. Gildardo ya tsaya a tsakiyar gareji hannuwa a buɗe kamar kazar da aka fige.

"Saura abu ɗaya," in ji Arcesio, ya ɗauko baƙin salatif ya liƙe fitilar gaba, ya liƙe ta birki, sannan ya kama madubin hagu.

"Bar wannan."

"Doka ce. A can ba a shiga da madubi a buɗe. Na bayanka shi ne da alhakin kauce maka, kai naka gaba ne kawai."

Nan ne Gildardo ya fara jin cinikin ya yi masa nauyi. Direban bas a Bogotá da bayansa yake rayuwa. A madubi yake ganin tsohuwar da ƙafarta ɗaya ke kan matakala, da ɗan sane yana laluben jaka, da mai babur da ya kutso ta inda ɓera ma ba zai wuce ba. Shekara talatin bai taka kowa ba, kuma ya san ba addu'a kaɗai ta yi masa wannan ba. Idonsa kan je madubi ne kamar yadda harshe ke zuwa wurin haƙori mai ciwo.

Ya fara gwaji da rana a wani fegin ajiye motoci da babu kowa. Da zarar idonsa ya sauka kan baƙin salatif bai ga komai ba, sai wuyansa ya juya da kansa. Wuya na juyawa kafaɗa ta bi, kafaɗa na bi babur ya karkace. Arcesio na zaune kan bokiti yana ƙirga masa da yatsun da suka rage.

"Ka sake. Wa kake nema a bayan nan, ko akwai mai bin ka bashi ne?"

"Ba ni nake juyawa ba, wuyan ne."

"Sabo turken wawa. To ka gaya wa wuyan, in ya yi haka a can, tuta baƙa za a ɗaga maka."

Ya naɗa tawul a wuya ya cusa cikin rigar. Ya rage, bai daina ba. Ranar Alhamis kuwa, tun ana cin abincin yamma Duván yake goge hular kwanonsa, don ciniki bai hana shi fita ba sai ranar da aka ci shi. Salansar babur ɗinsa tana da wata irin ƙara, kamar ana yage sabon yadi, duk unguwar an san ta. Gildardo ya bi ƙarar da kunne har ta ɓace a bayan gidajen. Herminda ta ɗauko allura ta ɗinke ɗan hoton Maryamu mai tsaron direbobi a cikin rigar fatar, ta ɗinke wani a ta ɗanta.

Ranar ta zo da sanyi da hazo. An duba babura ɗaya bayan ɗaya, an matsa birki, an girgiza taya, an rage musu iska. Duván ma ya zo da nasa babur, da yake kuma bai taɓa shiga fili ba, sai aka sa shi rukunin 'yan koyo tare da ubansa, aka liƙa musu takarda kala ɗaya a goshin babur. Yaron ya kumbura kamar zai fashe.

Mai koyar da su wata mata ce gajera, Nohora, muryarta ba ta tashi amma kowa na ji. Ta nuna tutoci. Rawaya, a rage gudu. Ja, an tsayar da komai, kowa ya lallaɓa ya koma rumfar ajiye babura. Baƙa, kai kaɗai ake kira.

"Abu biyu ba na yafewa," in ji ta. "Ba a wuce mutum a kwana. Kuma ko me ya faru, ko uwarka ce ta faɗi, ba ka tsayawa a kan kwalta, ba ka waiwaye. Akwai waɗanda aikinsu ke nan. Wanda ya tsaya, ya ajiye wa na bayansa katanga."

Fita ta farko a layi aka yi ta, bayan Nohora, kamar 'ya'yan agwagwa. Gildardo ya riƙe kan babur har yatsunsa suka mutu, numfashinsa na turara gilashin hula. Amma ya lura da wani abu: kwana kwana ce. A buɗe a shiga, a matse a tsakiya, a buɗe a fita, haka yake yi da bas tun kafin a haifi Nohora. A fita ta biyu aka sake su. Wani babban babur ya taso masa ta baya a miƙaƙƙen layi, ƙarar ta cika masa hula, kafin ya ankara wuyan ya juya. Babur ɗinsa ya zame hagu, mutumin ya wuce har iskarsa ta bugi gwiwar Gildardo.

Tuta baƙa.

Nohora ta tare shi a bakin rumfa. "Don Gildardo, kai sa'an babana ne, shi ya sa zan yi magana a hankali. Saura kaɗan ka kwantar da mutum. In na sake ganin ƙeyar hularka ta juya, ka gama na yau."

"Na ji, 'yata."

Duván na jingine da babur ɗinsa yana cin wainar masara, ya ji komai. "Tsoho, in wuyan na damunka akwai man zafi a jakata."

Fita ta uku Gildardo ya yi ta yana magana shi kaɗai a cikin hula, yana kiran abin da ke gabansa da suna: ga alamar birki, ga farin layi, ga mai tuta. Aka wuce shi ta dama, aka wuce shi ta hagu, bai juya ba. Da ya sauka rigar ta jiƙe sharkaf, bai iya cin abincin rana ba. Ya lura kuma Duván ya daina dariya. Yaron ya fara lissafi.

A fita ta ƙarshe, suna barin rumfa ya ji ta. Ƙarar yage yadi, daf da tayarsa ta baya. Babur ɗin Duván ya ninka nasa ƙarfi, da ya so da tuni ya ɓace, amma ya liƙe. Ya murɗa totur ya saki, ya matso ta dama, ya koma ta hagu. Yaron ya san inda ciwon ubansa yake, can yake dannawa. Jijiyar wuyan Gildardo ta ɗaure kamar igiyar shanya. Ya cije haƙora ya ci gaba da kiran sunayen abubuwa. Zagaye ya wuce, wani ya wuce. In ya jure har a ɗaga tutar tashi, shi ke nan.

Suka gangaro kwanar da ke ƙasan tudu, wadda take matsewa a ƙarshe. Ƙarar ta tashi ta wajen dama, ta yi sama fiye da yadda kwanar za ta ɗauka. Kunnen direba ya gaya masa tun kafin abin ya faru. Sai ƙarfe ya gurji kwalta, doguwar gurza, sai tsakuwa ta watsu. Sai shiru.

Hannunsa ya riga ya hau birki. Wuyan ya fara tafiya.

Abin da ya riƙe shi lissafi ne, irin na mutumin da ya daɗe a kan titi, kuma a cikin numfashi ɗaya ya yi shi. In yaron ya mutu, tsayawa ba za ta tashe shi ba. In yana da rai, tsayawa za ta miƙa shi ga daren Alhamis, kuma an ɗinke bakin ubansa har abada. Ya sauke yatsunsa daga birki ɗaya bayan ɗaya. Ya kafa ido a farin layi.

Mai tuta na gaba yana kaɗa ja da hannu biyu. Gildardo ya rage gudu kamar yadda aka ce. Filin da ɗazu ya ga kamar ba shi da tsawo, yanzu ya ƙi ƙarewa. Daga nesa ya hango motar asibiti ta fito tana walƙiya, ta bi ta hanyar ciki zuwa inda ya baro. Ya wuce wani mai tuta da ke magana a rediyo, ya nemi karanta fuskarsa, mutumin bai dube shi ba. Bakinsa na motsi amma ba sunayen kwana yake kira ba yanzu.

Ya shiga rumfa, ya kashe babur, ya kafe shi a kan ƙafarsa yadda ya kamata. Sannan ya juya.

Ba a ganin kwanar daga nan. Nohora ta zo da rediyo a kunne, ta ɗaga masa hannu ya jira. Ya jira.

"Ya tashi da ƙafarsa," in ji ta. "Yana zagin tsakuwa."

Gildardo ya zauna a ƙasa, a nan inda yake, zif ɗin rigar ya ɓalle daga ƙirji har cibiya.

Ya sami Duván a bayan motar asibiti, an ɗaure masa wuyan hannu da katako, gefen rigarsa ya goge fari tun daga kafaɗa har ƙugu. Da a titin filin jirgi ne, inda ya gangara ɗin nan turken fitila ne ko tayar tirela, kuma duk su biyun sun sani.

"An ce an rufe fili," in ji Duván, bai ɗago ba. "An ce ka gama."

"Haka aka ce."

"Ka ji lokacin da na faɗi?"

"Na ji."

"Ka san ni ne?"

"Duk unguwa an san salansarka."

Yaron ya ɗago ya dube shi. "Ba ka ko waiwayo ba."

"A'a."

Ya jira ƙarin bayani, Gildardo kuwa ba shi da wanda zai shiga kunnen ɗan shekara ashirin da biyu. Aka rufe ƙofar motar.

In ana maganar riba da asara, Herminda ce ta fi kowa riba, ita da ba ta sa hannu a cinikin ba: ɗanta na kwana a gida ranar Alhamis, bai ƙara taka titin nan ba ko da hannun ya warke. Arcesio ya yi asarar zif, ya samu labarin da zai ba duk wanda ya kawo gyara. Duván ya yi asarar gefen babur da sunansa a wajen samarin titi. Gildardo shi ya ci cinikin, kowa ya shaida. Sai dai yaron ya daina tsokanarsa a kan tebur, ya koma gaishe shi da ladabi kamar baƙo, kuma ko cikin fushi bai sake ce masa tsoho ba.