Ina Jin Ki

"Umma, ba ni na yanke ba. Daga sama aka ce ranar Juma'a za a kashe ta."

"Ni na ce ke kika yanke? Matsa mini, kin tare haske."

Auta ba ta matsa ba. Ta jingina da teburin mahaifiyarta tana murɗa igiyar katin aikinta a yatsa. Lokacin hutun rana ne, ma'aikata sun watse, ofishin kamfanin jigilar kayan ya yi tsit sai gurnanin fanka. Ta bayan gilashi ana hango Tsohuwa a ɗakinta mai sanyi, babbar kwamfutar da duk allunan ofishin ke rataye da ita, tsaye kamar jerin kabad. Auta ce injiniyar da aka ɗora wa kwashe aikinta zuwa sabuwar manhaja. Umma kuwa ita ce shugabar masu shigar da lambobin kaya, kuma a kan kujerar nan ta yi furfura.

Baƙin allon da ke gaban Umma layi ɗaya ne a kansa, da korayen haruffa: INA JIN KI. A ƙarƙashinsa ɗan gurbi, da ɗigon haske yana ƙyafta ido, yana jira.

Marigayi mijinta ne ya rubuta layin. Yana saurayi aka sa shi gyara sashen manhajar da ke dakatawa ya karɓi abin da mutum ya buga a madannai. Da can abin da ke fitowa shi ne SHIGAR DA LAMBA. Wata safiya Umma, tana sabuwar ma'aikaciya, ta kunna allonta ta tarar da wannan, ta ɗaga kai, ta gan shi a bakin ƙofa ya duƙufa yana gyara wayar da ba ta lalace ba. Abin da gogan bai lura ba shi ne, layin ya fito a kowane allo na kamfanin. Tun daga ranar ƙarti masu gemu ke amsa "ki", har wani dattijo a sashen awo ya riƙa gaida allonsa kullum da cewa, "To, ga amaryarka ta iso." Manajoji sun zo sun tafi, ba wanda ya taɓa layin.

Bara ciwo ya ɗauke mijin nata.

"Sabuwar ta fi sauƙi, wallahi," in ji Auta. "Kina taɓa harafi ta ji, har ta ƙarasa miki sauran."

"Mai katse wa mutum magana ke nan. Na san irinsu."

"Umma!"

"Wannan ba ta da gulma. Duk abin da ka buga yana nan a allonka, Tsohuwa ba ta san da shi ba sai ka danna babban maɓallin nan, Enta. Babanki ne ya koya mini. Ya ce ita kaɗai ce a ginin nan ke barin mutum ya gama tunani."

Auta ta sunkuyar da kai. Can ta ce a hankali, "Ina ganinki, ai. Kullum da safe kafin ki fara aiki. Ki buga, ki tsaya, ki goge."

Umma ta ji kunya ta rufe ta kamar an yaye mata mayafi a kasuwa. Gaskiya ne. Gurbin gajere ne, don lambar kaya aka yi shi, saboda haka ta koyi taƙaita zuciyarta. *Rufi na yoyo. Auta ta rame. Na ga rigarka.* Ta rubuta, ta dubi INA JIN KI a samansa, ta goge harafi bayan harafi, sannan ta jawo takardun kaya. A gida hotonsa na bango kallonta kawai yake yi. A nan ne kaɗai yake cewa yana ji.

"Sa ido kika zo yi ko aiki?"

"Gado na yi. Wa ya fi ki sa ido a ofishin nan?" Auta ta yi murmushi, idonta ya ciko. "Na roƙi manaja a saka layin a sabuwar. Ya ce gaisuwa ba ta cikin tsari, wai alluna duk iri ɗaya aka sayo su. Har na yi fushi na fito ban rufe masa ƙofa ba." Ta share hanci da bayan hannu. "Amma Umma, ba ki taɓa dannawa ba. Ko sau ɗaya. Kenan bai taɓa isa ba."

"Isa wurin wa? Ƙarfe ne da waya, Auta. Ban haukace ba."

"To me ya hana ki?"

 Umma ta san abin da ya hana ta. Muddin ba ta danna ba, yana nan yana sauraro. In ta danna, na'ura ce za ta amsa, ta ce lamba ba daidai ba, shi ke nan ta sake rasa shi.

Ta gyara tabarau. Yatsunta, waɗanda ba su taɓa neman harafi da ido ba, yau sai da suka yi lalube. Ta buga: NA YI KEWARKA. Gurbin ya cika cif. Ta daɗe da ɗan yatsa a kan babban maɓallin da gefensa ya goge don shan hannu, sannan ta runtse ido ta danna.

Madannan suka kulle na ɗan lokaci, kamar yadda suke yi in Tsohuwa na tunani. Sai layi ya fito a ƙasa:

BAN GANE BA. SAKE FADA MINI.

Saƙon kuskure ne kawai. Ta gan shi sau ba adadi, duk sanda wani ya haɗa harafi cikin lamba, har ta daina karanta shi. Yau ta karanta. Haka marigayin yake ce mata a gida in ta taso masa da faɗa: ya kanga hannu a kunne, ya ce bai gane ba, ta sake, ta sake, har dariya ta ƙwace mata. Mutumin da ba ya iya rubuta ko saƙon kuskure ba tare da ya saka kansa a ciki ba.

Dariyar ce ta fara zuwa, kuka ya biyo ta a guje ya cim mata. Auta ta durƙusa ta rungume ta, suka jiƙa wa juna kafaɗa. A allon, layin farko ya dawo, ɗigon haske na ƙyaftawa. Ba zai gaji ba, kuma ba zai taɓa ganewa ba.

Aka fara jin takun ma'aikata a matakala. Umma ta goge fuska da gefen mayafi, ta daidaita takardunta.

"Ranar Juma'ar, wa zai kashe ta?"

"Ni aka ba."

"A'a. Ba za ki ɗauki wannan nauyin ba, babanki ne." Ta miƙe, ta dubi ɗakin sanyin ta cikin gilashi. "Je ki gaya wa manajan naku. Ni aka fara ce wa ana ji, ni zan yi sallama. Da hannuna zan kashe ta."