Shanyar Zuliha a Cikin Silima

Silimar garinmu ta yi iyayen gida uku cikin shekara tara, kuma duk a kan idona suka zo suka tafi, don gidanmu jingine yake da katangarta. Wani Kwara ɗan Lebanon ne ya gina ta lokacin da ruwan madatsar Tiga ya iso gonakinmu, maza suka fara jin nauyin aljihu. Katanga ce doguwa ba rufi, ƙasa daɓen siminti sumul, sai bencina da farin bango a gaba. Kwara ya gaji da zirga-zirga daga birni, ya sayar wa Alhaji Bilya mai motoci. Shi kuma damina biyu ta koya masa hankali, da an fara haskawa sai hadari ya taso, kowa ya watse yana zagi. Ya tura wa Dattijo mai taki. Dattijo bai rufa shekara ba wani mai shayi ya sayo bidiyo ya kafa a rumfarsa, samari suka koma can, ga kallo ga shayi.

Mutum ɗaya ne ba ya canzawa, Hammadu mai haska fim. Duk wanda ya sayi silima da shi yake saya, kamar bencinan nan. Ba shi da gona, ba shi da wata sana'a, ga mata da 'ya'ya biyar. Na'urar nan kuwa yana goge ta fiye da yadda yake goge fuskarsa.

To, rannan sai gari ya ɗauka: Dattijo ya sayar! Wa ya saya? Oho. Wasu suka ce malaman Islamiyya ne za su zuba allo. Wasu suka ce dillalan tumatir ne za su tara kwanduna. Ni dai na yafa mayafina na tafi duba matar Dattijo da ba ta da lafiya, ko da yake lafiyarta ƙalau. Kafin in sha ruwa na ji komai.

Zuliha ce! Zulihar nan dai mai turara shanshera, wadda mijinta ya rasu shekara huɗu da suka wuce, take shanya shinkafarta a gefen titi, awaki su ci, motoci su watsa mata ƙasa. Ba fim take so ba, daɓen take so. Kuma ta ce a kwashe mata tarkace kafin Juma'a.

Na dawo na iske Hammadu zaune a ƙofar silima ya rafka tagumi.

"Inna Iyatu, kin ji wanda ya saya?"

"Wadda dai," na ce. "Sai ka fara koyon juya shinkafa."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Inna, ni in ba hasken nan ba me na iya? Mai shayi ma ba ya bukatata, maɓalli ɗaya yake dannawa."

Wallahi sai da na ji kunyar bakina.

Zuliha ba ta jira Juma'a ba. Ranar Alhamis da hantsi ta iso da mata shida da amalanke biyu. Aka jingine bencina a jikin bango, aka share, aka baza shanshera tun daga ƙofa har gindin farin bango. Ni da ban taɓa taka cikin wurin ba, ga ni tsakiya da sandata, wai na zo sa albarka. Zuliha sai juyi take, haƙora waje.

"Inna, dubi! Ba akuya, ba ƙura, ba ɗan kamasho mai zagi!"

"Saura na sama," na ce.

Ai ban rufe baki ba suka sauko. Kurciyoyi, tantabaru, da ƙananan tsuntsayen nan na gonar alkama, kamar an aika musu goron gayyata. A titi ƙarar motoci ce ke korarsu, nan kuwa shiru, ga katanga ta hutawa. Mata suka kwance gyale suna kaɗawa. A kore su gabas su sauka yamma. Kafin azahar kowa ta jiƙe da gumi, biyu sun zauna sun ce su ba korar tsuntsu aka ɗauke su ba. Zuliha har jifa take da takalmi.

Duk wannan Hammadu yana can sama a ɗan ɗakinsa yana kwance wayoyi. Ashe zuciyarsa ta ƙi. Ya ce bari ya ji muryar na'urarsa sau ɗaya kafin a ɗora ta a amalanke. Ya sauko ya tayar da janareto, ya koma ya saƙala wani guntun fim da ya rage, ya murɗa.

Jama'a! Sai muka ji harbi ta ko'ina, dawakai na haniniya, wani ƙato na ihu da yaren da ba na ji. Rana tsaka ba a ganin komai a bango, sai ƙara kawai. Na yar da sandata. Wata ta faɗa cikin kwarya. Zuliha ta durƙusa tana salati, hannu a ka.

Da ta ɗago, ba tsuntsu ko ɗaya. Sun yi sama baƙi ƙirin, sun nufi Bunkure.

Hammadu ya kashe da sauri, ya leƙo ta taga. "Hajiya, ki yi haƙuri, don Allah! Sallama kawai nake yi da ita."

"Wa ya ce ka kashe?" in ji Zuliha. "Kunna! Ƙara mata murya!"

Haka aka wuni. Da sun fara taruwa a kan katanga sai ta ɗaga hannu, Hammadu ya sakar musu harbi, mata su yi shewa. Mutanen gari suka cika ƙofa, an ce yaƙi ake a silima da rana.

Da la'asar aka tattara shinkafa, ta bushe ƙarau. Hammadu ya sauko yana murza hula.

"Hajiya, to gobe in kawo amalanken?"

"Amalanken me? Na'ura tana nan, kai ma kana nan. Da rana kai ne mai tsuntsaye."

Ya ce, "Da yamma fa? Wurin zai zauna haka nan, ga bencina, ga bango..."

Ta dube shi, ta dube ni. Na ce, "Ni ba ruwana, amma rani ne, ba hadari. Kuma bidiyon mai shayi bai fi faifai girma ba."

"To ka haska," ta ce. "Amma ka gaya wa mazan nan, daɓena na abinci ne. Duk mai shiga ya tuɓe takalmi a ƙofa, ba sigari, ba tofar da goro. Wanda bai iya ba ya koma wajen mai shayi."

Na ce ba wanda zai yarda. Ashe ban san maza ba. Ranar Asabar, tun rana ba ta faɗi ba, ga layi har bakin kwalbati, kowa na son ganin silimar mace da ake shiga ba takalmi. Har Dattijo na hango a layin, riƙe da sandal a hammata, yana kauce wa idona. Hammadu ya wuce su da gwangwanin sabon fim a ka, ya sha farar riga, yana cewa, "A ba da hanya, a ba da hanya, Hajiya ba ta son latti!"