Darmar Taya a Miyar Zabo

"Ni za ka ce ma makaho, Na'Allah? Ni da nika ɗaura taya tun shekarar da anka samu 'yancin kai?"

"To mi ya sa mota tana rawa kamar mai masassara?"

Tun hantsi suke wannan a zauren Na'Allah, har matan unguwa sunka riƙa samun dalilin giftawa ta ƙofar gida. Na'Allah direba ne, yana jigila tsakanin Filingue da Yamai. Magagi kuwa makaniken garin ne, abokinsa tun suna kiwon awaki. A shekarar nan ta fari, da hatsi ya ƙone tsaye shanu sunka zube, fasinja ya yi wuya. Sai anka ji Kwamanda, mai mulkin yankin, na neman motocin da za su ɗauko dawar taimako daga Baleyara zuwa ƙauyukan Tondikandia, amma sai an shiga kowace mota an gwada lafiyarta. Na'Allah ya sai da ɗan bijimin da ya rage masa, ya sayo sababbin tayu har da ƙarafansu daga Yamai, ya jingine su a zaure sai da Magagi ya samu sarari ya ɗaura.

Ga taya sabuwa fil, ga mota ta haukace. In ana tafiya sannu, lafiya lau. Da ya taka mai, sai sitiyari ya kama kakkarwa har haƙoran mutum su haɗu. Gwaji kuma gobe ne. In aikin nan ya kuɓuce, Na'Allah ya san babu bijimi, babu dawa, sai tayu huɗu da ba su tuƙuwa a tukunya.

"Na ɗaure ƙusoshi, na sake ɗaurewa," in ji Magagi yana buga tabarma. "Na auna iska. Na ɗaga mota na girgiza ƙahwa, ba ta motsi. Tayun banza anka saida maka!"

"Hannun banza dai ya ɗaura su!"

Ana cikin haka Kubura, matar Na'Allah, ta shigo da akushi. Tuwon jar dawa ne, amma ƙanshin miyar ya sa faɗa ya tsaya cak. Nama! A shekarar da ko ɓera ya yi ƙaura.

"Zabo na, Maigida," ta ce. "Dodo ya harbo. Ku ci, ku samu ƙarhin zagin juna."

Dodo ƙanenta ne, maharbi, gwauro mai dogon wuya, yana kwana a zauren nan tun da rijiyar ƙauyensu ta ƙafe. Ya biyo bayanta yana taku kamar wanda ya kashe zaki. Kwanan nan dai hannunsa ya yi kyau, kullum sai ya dawo da wani abu a rataye.

Na'Allah ya kai cinya baki, ya tauna, sai ji kake ƙas! Ya dafe kunci, ya tofo wani ɗan abu a tafin hannu.

"Dodo, so kake ka karya min haƙori?"

"Harsashi na, Yaya. Wanda ya ci naman bindiga shi ka tauna darma."

Na'Allah zai jefar, sai ya ga abin ba dunƙulalle ba ne irin na maharba. Yankakke ne da wuƙa, gefe guda a shafe, har da rabin lamba a jikinsa. Ya miƙa ma Magagi. Magagi ya lashe miyar, ya juya shi, ya zaro ido, ya tashi a guje ba takalmi. Na'Allah ya rufa masa baya.

"Duba! Duba nan!" Magagi ya durƙusa gaban tayar gaba yana nuna bakin ƙarfen. Ga wani ɗan wuri fari tas, tsawon yatsa, ga kuma kartar wuƙa a gefensa. Sunka zagaya ɗayar, haka. Na baya ma haka. "Darma ta! A Yamai suna liƙa ta nan don nauyin taya shi daidaita. In babu ta, gehe guda ya hi nauyi, shi na ka girgiza ka!"

"Kai da kake ɗaura taya tun 'yancin kai, ba ka ga an ɓamɓare ba?"

"Kai da ka kwana da su cikin gidanka hwa?"

Sai sunka juya tare. Dodo na tsaye bakin zaure da fiffike a hannu.

"Ni na zaci dattin masana'anta na," ya ce. "Darma mai kyau tana zaune banza bisa ƙarhe, gida ba nama. Kuma ba wanda ya ƙi ci."

"Ina saura?" in ji Na'Allah.

"Saura nawa na. Ban ba da."

Kubura ta wuce Dodo. Ta shiga zaure, ta ɗaga buzunsa, ta zazzage jakar fata a ƙasa. Rabin darmar an riga an daddatsa, amma akwai waɗanda wuƙa ba ta taɓa ba. Magagi ya riƙa ɗora kowace bisa farin gurbi har ya samu masu dacewa da tayun gaba, ya buga su da guduma.

Na'Allah ya ja mota ya miƙi hanyar Baleyara, Magagi a gefensa. Ya taka mai, ya ƙara takawa, ya saki sitiyari da hannu guda. Shiru, sumul! Sunka dawo suna busa oda tun daga bakin kasuwa, suna ihu kamar ba su ne sunka yini zagin juna ba.

"Gobe dawa tamu ta!" in ji Na'Allah yana faɗowa zaure. "Kubura, kawo sauran miyar. Magagi, tauna sannu, na tayun baya suna ciki."

Dodo ya dubi jakarsa da ta koma fayau, ya dubi bakunan da ke shirin cinye zabonsa na ƙarshe. Ya sunkuya ya sure akushin duka.

"Kun samu darmarku. Ku ci taya!"

Ya fice, ya bugo ƙyauren kwano har ƙasa ta zubo daga rufi.