Malamin Tsuntsaye na Bunkure

Tun da Zaharaddini ya dawo daga wani kwas na wata uku a Zariya, yayansa Badamasi bai ƙara jin daɗin hira ba. Kullum zance ɗaya: wai wani limamin coci a ƙasar Ingila, shekara ɗari biyu da ɗoriya, ya ƙare rayuwarsa a ƙauye guda yana rubuta ranar da tsuntsu kaza ya zo da ranar da ya tafi, har da aikin da tsutsar nan, tana, take yi a cikin ƙasa. Wai har gobe ana karanta shi. To, madalla! Shi ma gogan naka ya sayi littafi da biro.

Gonar shinkafarsu ta gandu ce, a bakin kanal ɗin ban ruwa, ita ke ci da gidajensu biyu. Shinkafar ta yi nono, daidai lokacin da tsuntsayen jan baki ke saukar mata kamar hadari. Badamasi ya kewaye ta da igiya, ya rataya gwangwanaye, sati biyu yana ja yana ihu har muryarsa ta dushe. Ran nan aka yi rasuwa a Kura, dole ya je.

"Don Allah ka ja igiyar nan," ya ce wa ƙanen nasa. "Ja kawai na ce."

Da la'asar ya dawo, bai ji ƙarar gwangwani ko ɗaya ba. Ga malam a gindin darbejiya, ya miƙe ƙafa yana rubutu. Badamasi ya murza zangarniya, sai ƙaiƙayi. Ya murza wata, haka.

"Yaya, na gano abin mamaki," in ji Zaharaddini, har da murmushi. "Kashi uku suke zuwa. In na ja igiya sai su watse, ƙirgen ya ɓaci."

Badamasi ya yar da ƙaiƙayin da ke hannunsa.

"Limamin nan naka, wa ke ci da shi?"

"Coci mana."

"Kai fa?"

Zaharaddini ya mai da idonsa kan littafinsa.

Washegari da sassafe Badamasi ya ɗauki garma, ya fara ta da kunya a tsakiyar gonar da ba a taɓa rabawa ba tun zamanin kakansu. Maƙwabta suka taru suna ba shi haƙuri. Ko ɗagowa bai yi ba.

"Ku bar ni," ya ce. "Nan ɓangaren 'ya'yana ne. Can kuma na masu ilimi, shi da tsuntsayensa."