Ƙurar da Baba Ya Sa wa Jirginsa

Tun da Baba ya ajiye aikin tuƙin jirgin ƙasa ya ƙwace teburin cin abincinmu, ya shimfiɗa masa ɗan layin dogo. Yayana ne ya aiko masa da kan jirgi irin mai cin gawayi, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, sabo fil yana sheƙi. Baba ya juya shi, ya taɓe baki.

"Wannan ai bai taɓa aiki ba. Ango ne."

Ya tashi haiƙan sai ya tsufar da shi, ya koma kamar wanda ya fara koyon aiki a kansa yana saurayi. Ya kankare lambar kamfani ya rubuta tasa. Yakan niƙa alli baƙi da ja, ya ɗiba da bakin buroshi, ya sa baƙin hayaƙi a bututu, tsatsa a inda ruwa ke ɗiga. A lokacin likita ya riga ya gaya masa idonsa na tafiya, don haka sauri yake yi, hancinsa kamar zai taɓa ƙarfen. Ni ce mai riƙe masa fitila, ina mita. Mama kuwa ba ta taɓa tsayawa ta duba ba, ita dai teburinta take so.

Saura ya fesa abin da zai kama allin aka kwantar da shi aikin ido. Aikin bai yi ba.

Ranar da za a sallamo shi, Mama ta rasa abin da za ta yi masa, ta share gida har bayan kabad. Ta ga jirgi duk dauɗa, ranta ya ɓaci. Ta samo tsohon buroshin haƙori da kananzir.

Da na shigo riƙe da hannun Baba na hango jirgin yana walƙiya.

"Malam, ga jirginka," in ji Mama, ta sa masa a hannu. "Yaran nan sun bar shi ƙura ta cinye. Na wanke maka shi tas."

Baba ya bi bututun da yatsa, ya bi ƙarƙashin tukunya. Ya kai shi hanci. Ya shaƙi warin kananzir.

"Sannu da aiki," ya ce. "Kin kyauta."

Mama ta koma kicin tana share hawaye, tana jin ta yi masa wani abu. Na buɗe baki, Baba ya damƙe hannuna har ya yi min zafi.

"Auta, ni ba zan sake ganinsa ba, ita kuwa kullum za ta gan shi. Kada ki kuskura ki faɗa mata."

Ban faɗa ba. Har yau kowace safiya sai ta goge shi, kuma duk baƙon da ya zo sai ta nuna masa aikin Malam.